Wata huɗu muna atisayen fensir kafin a auna idon 'yata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma ina roƙon ɗan fili a jaridarku saboda wani bidiyo da ke yawo a wayoyin iyaye a zangonninmu. A ciki ana nuna yadda za ka riƙe fensir ka riƙa kusanto da shi hancin yaro, wai hakan ya isa ya gyara ido ba sai an je asibiti ba. Na bi shi wata huɗu da 'yata, ina so iyaye su ji yadda muka kwashe.

Shekarar yarinyar 11. Daga nesa ba ta da matsala, tana karanta rubutun jikin trotro tun motar tana can bakin titi. Amma da ta buɗe littafi, kafin minti goma ta fara murza ido, ta dafe goshi, ta ce haruffa suna hawa kan juna. A makarantar allo malam ya ga tana rufe ido ɗaya da tafin hannu in tana biya karatu, ya ɗauka wasa take yi, ta sha bulala. Kakarta ta ce kambun baka ne, aka yi tofi, aka sa kwalli. Ni kuwa na ce lalaci ne, kuma har yau wannan kalma tana ci mini rai. Mu ciwon idon da muka sani shi ne wanda ake gani, apolo mai sa ido ya yi jawur, ko hakiya, ko yanar ido ta tsofaffi. Nata idon fari ne tas.

Da maƙwabci ya turo mini bidiyon sai na ce Allah ya kawo sauƙi. Kullum bayan magariba mu zauna a ƙofar shago, in riƙe fensir, in tambaye ta: “Guda nawa kike gani?” Ta ce, “Ɗaya, Baba.” In ƙara matsowa, ta sake cewa ɗaya. Ina murna ana samun ci gaba, amma ciwon kai yana nan, kuma sakamakon makaranta sai ƙara baya yake yi.

Sai da muka je wajen likitan awon ido na gane abin da ke faruwa. Ta ce mini, “Alhaji, kai mai zura zare a allura ne, za ka fahimta.” In abu ya matso kusa, dole idanu biyu su juyo ciki wajen hanci tare, su haɗu a kansa. Na 'yata ba sa iya riƙe wannan haɗuwa, ɗaya yakan zame waje. Ta auna da ma'auni: ido lafiyayye yakan bi abu har kusan santimita 6 daga fuska, nata kuwa ya saki tun abin yana nesa fiye da ninkin haka. Abin da ya fi girgiza ni shi ne bayanin “ɗaya, Baba” ɗin nan. In ido ɗaya ya zame, ƙwaƙwalwa takan toshe hoton da yake kawowa don kada mutum ya ga biyu. Ashe yarinyar gaskiya take faɗa, fensir ɗaya take gani, amma da ido ɗaya. Wata huɗu muna abin da ba ya taɓa matsalar, kuma ba yadda za a yi in gane daga inda nake zaune.

An yi bincike kan wannan a Amurka, aka buga a 2008. Yara 221 ne, masu shekara 9 zuwa 17, aka raba su gida huɗu na mako 12. Waɗanda suka riƙa zuwa wajen ƙwararre awa ɗaya a mako, suna kuma maimaitawa a gida, kashi 73 cikin ɗari sun warke ko sun samu sauƙi sosai. Masu fensir a gida kaɗai, kashi 43. Masu atisayen kwamfuta da fensir a gida, kashi 33. Akwai kuma waɗanda aka yi wa atisayen bogi da gangan don a gwada, su ma kashi 35 sun ji sauƙi. A duba tazarar da ke tsakanin 43 da 35, a duba wadda ke tsakaninsu da 73.

Ba don kayan asibiti suna da tsada ba ne. Babban abin da aka ba mu igiya ce fara da duwatsu uku masu launi a jiki, ana kiranta igiyar Brock, ni da kaina zan iya haɗa ta a shago. Yarinya ta riƙe baki ɗaya a hanci, ɗayan a ɗaure a ƙofa. In idanu biyu suna aiki, igiyar takan zame mata kamar biyu sun gitta a kan dutsen da take kallo. In ta ga igiya ɗaya, to ido ɗaya ya kwanta. Ka ga abin da fensir ya kasa nuna mana. Sannan kowane zuwa likita takan sake awo, ta ƙara wahalar atisayen ko ta canza shi. Har yanzu muna yi a gida, minti 15, kwana biyar a mako, amma akwai mai duba aikin.

A wannan zuwan ne likita ta ce in kawo autana mai shekara 5, ko da yake bai taɓa kuka da ido ba. Aka tarar idonsa na hagu ya yi rauni, abin da suke cewa ragon ido: ido ɗaya bai samu hoto mai kyau ba tun yana ƙarami, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi. Shi kuma maganinsa kusan duk a gida ne. Tabarau tukuna, daga baya a manne ido mai ƙarfin da filasta awa biyu a rana don ragon ya yi aiki. Wani bincike na 2003 ya nuna cewa ga yara 'yan ƙasa da shekara 7 masu matsakaicin rauni, awa biyu tana yin abin da awa shida ke yi. In yaro ya ƙi filasta akwai maganin ɗigawa, atropin, da ke dusashe ido mai ƙarfin. Wannan cuta an fi cin nasararta da ƙuruciya, ana girma tana ƙara taurin kai. Da fensir na riƙe masa shi ma, da shekarun sun wuce mu. Ciki ɗaya, gida ɗaya, amma abin da ya dace da yayar daban, na ƙanen daban.

Ina kuma jan kunnen iyaye ta ɗaya ɓangaren. Akwai masu tallar atisayen ido da alkawarin cewa yaron da ba ya iya karatu zai zama na ɗaya a aji. Wani babban bincike na 2019 ya nuna cewa atisayen yana gyara haɗuwar idanu, amma bai sa yara sun fi waɗanda aka yi wa na bogi iya karatu ba. 'Yata ta daina ciwon kai, tana zama da littafi rabin awa, amma abin da ya wuce ta a aji sai da muka nemo mai lesin.

Na san maganar kuɗi. Katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗaukar awon ido amma ba ya biyan tabarau, ga kuɗin mota, ga rufe shago rabin yini. Duk da haka awon farko shi ne abin da ba a tsallakewa, kuma muna da sashen ido a asibitin Komfo Anokye, 'yan Accra suna da Korle Bu. Jami'ar KNUST da ke bayan gidanmu tana horar da likitocin awon ido. Ina roƙon sarakunan zango da limamai su nemi a riƙa turo ɗalibanta makarantun Aboabo, Asawase da Sabon Zango, kuma kada awon ya tsaya kan allon haruffa na bango, domin 'yata za ta karanta shi har layin ƙasa. A auna na kusa ma.

Ga malamanmu na allo da na boko kuma, in kun ga yaro yana rufe ido ɗaya ko yana karkatar da kai a kan karatu, don Allah ku ajiye bulala ku aika a kira uban.

Wassalam,
Wani tela, Aboabo, Kumasi