Amsa ga malamin da ya tambaye ni littattafan tarihi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron masu sha'awar karatu da aka yi kwanan baya a nan Sakkwato, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: wane littafin tarihi ne ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai ɗauka bayan isha'i ya karanta, barci bai sace shi ba? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa nake ba ka amsa a rubuce.

Shawarata ita ce a fara da waɗanda aka yi abin a kan idonsu. Masu bincike su biyo baya.

Ɗauki Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, akwai shi kuma da Hausa. Mutumin da ya riƙe tuta ne yake ba ka labarin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto, da wahalar Tsuntsuwa, har zuwa cin Alkalawa a 1808. Farkonsa, inda yake lissafa ƙasashe da malamai, yana iya gundurar sabon mai karatu. Ka ce da shi ya tsallake, ya dawo daga baya, ba laifi ba ne. Amma kada ya kuskura ya tsallake wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Barno. Alkanemi ya tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla, Bello kuma bai ɓoye tambayar ba, ya kwafe ta cikin littafinsa sannan ya amsa. Yau wa zai yi haka da maganar abokin hamayyarsa?

Ka haɗa masa da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi na Gwandu. A ciki ne ya faɗi yadda ransa ya ɓaci da ganin son duniya ya fara shiga jama'a, har ya bar runduna ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi. Da Larabci yake, waƙoƙi ne da bayaninsu, don haka mai ƙaramin karatu zai buƙaci malami a kusa.

Wanda na fi so a ba matan gida da 'yan makaranta kuwa shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta, aka buga a 1954. Tsohuwa ce kawai tana hira: harin masu kama bayi, aure da fita aure, ƙawance, bori, zuwan Turawa. Ba sarki ba ce, ba malama ba, amma duk wanda ya fara sai ya ji kamar kakarsa ce ke magana a tsakar gida. Daga nan sai littafin Jean Boyd na 1989 kan Nana Asma'u da jajinta na 'Yan Taru, wato matan da take turawa su karantar da mata, ga mai jin Turanci.

Na san za ka ce ina Murray Last, Baturen nan masanin tarihi. Littafinsa na 1967 ginshiƙi ne, ya kuma zauna gaban Waziri Junaidu kafin ya rubuta shi, har an mayar da shi Hausa da sunan Daular Sakkwato. Sai dai aikin digiri ne, cike da sunayen wazirai da salsalar muƙamai. Wanda bai san su wane ne Giɗaɗo da Atiku ba, zai ajiye shi tun bai yi nisa ba. Bari ya fara da Tarihin Fulani na shi Wazirin, ya fi sauƙin shiga.

Matsalar da za ka ci karo da ita ita ce samun littattafan, don da yawansu sun yi wuyar gani a kasuwa. Ka leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka kuma tambayi dattawan unguwarku, musamman tsofaffin malaman firamare. In ka ara, don Allah ka mayar.

Ka gaida ɗalibanka. Wassalam.