Wasiƙa zuwa ga ƴata a Yamai

Tahoua, 9 ga Afrilu

Assalamu alaikum Mariyama. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa mu ma nan lafiya muke, sai dai zafin bazara da ya fara tsananta.

Gwaggonki ta dawo daga Yamai shekaranjiya, ta shaida mini cewa makonni 14 na hutun haihuwarki sun kusa ƙarewa, kuma kin sa a nemo miki yarinya ƴar shekara 11 daga wani ƙauye na wajen Illela domin ta riƙe miki Abba da jaririya idan kin koma aiki. Tun daren ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda na san idan na kira ki a waya za ki yi ta ce mini "to Inna, to Inna" har in gaji in yi shiru.

Ban hana ki aiki ba, ni da na yi shekara 31 ina riƙe da alli. Abin da nake ƙi shi ne ki bar yaro a hannun yaro. Yarinyar da ya kamata a ce tana aji, wadda ita ma take bukatar a tashe ta da safe a ce ta wanke fuska, ba za ta iya goya jaririya, ta dama kunu, ta yi wanke-wanke, sannan idonta ya kasance a kan Abba tun hantsi har la'asar ba.

Ruwa nake tsoro, Mariyama. Da na zo suna na ƙirga da idona: baho biyu da bokiti uku a tsakar gidanki, cike, babu ko ɗaya mai murfi, saboda famfo yana zuwa da tsakar dare ya ɗauke da safe. Na ga Abba ya dafa bakin bahon nan shuɗi yana leƙen fuskarsa yana dariya, sai da na ji ƙafafuna sun mutu. Yaron da bai cika shekara biyu ba kansa ya rinjayi jikinsa, idan ya sunkuya kai ne ke fara shiga, kuma ba ya iya ɗagowa. Ko ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ma yana iya halaka shi. Ba ya kuka, ba ya kiran kowa, mai reno tana iya kasancewa a madafa, taku goma tsakani, ba ta ji komai ba. Ba sai na kira miki sunan wanda muke yi wa sadaka duk watan Rajab ba. Kina da shekara huɗu a lokacin, amma kin san gidan bai koma yadda yake ba. An yi ta magana a kaina a unguwa, alhali babanku yana Abijan neman abin da za mu ci, ni kuma ina da aji cike da ƴaƴan mutane, ba ni da wadda zan bar wa gida sai wata ƙaramar yarinya mai reno. Ita ma ba ta da laifi, niƙa aka aike ta. Ni ban samu mai faɗa mini ba, ke kuwa ga shi ana faɗa miki.

An ce kin ce babbar mace tana da tsada. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. Kuɗin ankon da kika yi a bikin nan biyu na bara ya isa ya biya dattijuwa wata da watanni, kuma ban haifi ƴar da za ta yi ciniki a kan ran ɗanta kamar mai sayen albasa a kasuwa ba. Ki yi haƙuri da kaifin harshena, na san albashi ba ya kai ƙarshen wata a birni, ga haya ga wuta.

Ki nemi mace wadda ta haifa ta rena, wadda aka san gidansu da danginta, ki tambayi matan da ta yi wa aiki a baya dalilin rabuwarsu. Ta fara zuwa tun kina gida, ko da mako guda ne, ki ga yadda take ɗaukar jaririya, ki ga ko tana wanke hannu da sabulu kafin ta ba da abinci, ki lura ko Abba yana zuwa wurinta da kansa. Ki gaya mata a fili cewa ba a ba jaririya ruwa ko jiƙo sai nononki har ta cika wata shida, a kwantar da ita rigingine cikin gidan sauro, kuma kada ta kuskura ta sayi maganin sa barci wurin masu talla don yaro ya yi shiru. Doka ta ba ki lokacin shayarwa kowace rana, ki nemi haƙƙinki a wurin aiki.

Idan kuma gidan renon yara kika fi so, kada ki je ranar da suka sa miki. Ki je musu da azahar ba tare da kin yi waya ba, ki ƙirga yara ki ƙirga manya, ki nemi ganin takardar izininsu, ki ji ko suna tambayar katin rigakafi, domin gidan da ba ya tambayar naki ba ya tambayar na sauran. Sannan ki zagaya baya ki duba inda suke ajiye ruwa. Idan kin ga baho a buɗe, ki ɗauki ɗanki ki fito ko da sun shimfiɗa zinariya.

Zan ɗauki adashina ƙarshen wannan wata. Jaka goma sha biyar duk wata daga wurina, ki haɗa da naki ki biya babbar mace. Na kuma ba direban da ya saba kawo miki saƙo cuku da kuɗin duro mai murfi, a saye shi ranar da kuɗin ya iso, a kife bahunan nan duka. Idan ba ki samu wadda hankalinki ya kwanta da ita ba kafin ranar komawarki, ki kira ni, zan hau motar asuba in zo in zauna har a samu, ciwon gwiwar ba zai hana ni ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki nuna masa wannan takarda. Ki shafa mini kan Abba.

Mahaifiyarki