Wa Ya Ba Da Izinin Hana Mu Barci?

Malam Edita,

Ina yi maka sallama tare da fatan alheri, kuma ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi magana a kan abin da ya addabi layinmu watanni da dama, wanda na tabbata ba mu kaɗai yake damu ba, tunda duk inda gari yake bunƙasa irin wannan rigimar tana nan tafe. Maganar ita ce ƙarar aikin gini a tsakiyar gidajen zama, da kuma yadda ƙaramar hukuma take amincewa a sauya amfanin fuloti ba tare da maƙwabta sun ji ko sun gani ba.

Gidan da ke jikin nawa gidan iyali ne a da, hawa ɗaya, da bishiya a tsakar gida. Aka sayar da shi, wata safiya muka tashi muka tarar katafila tana ture katanga. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, domin gini ba laifi ba ne, kuma duk wanda yake kwance a ƙarƙashin rufi yau, wata rana an buga guduma an dami wani kafin shi ya samu wurin kwanciya. Abin ya fara fin ƙarfinmu ne lokacin da aiki ya daina sanin dare da rana. Tipa takan iso da tsakuwa tun ƙarfe huɗu na dare, ta ja da baya tana kukan gargaɗi, sannan ta ɗaga baya ta juye kayan gaba ɗaya da wata irin ƙara kamar an rushe bango. Da yamma, lokacin da ake tsammanin za a tashi, sai a kunna janareta da fitilu a ci gaba da yankan rodi har tsakar dare. An ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. To mu mun so, ba mu samu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kofin ruwan da mahaifiyata take ajiyewa a kan teburi kusa da gadonta domin shan magani. Ranar da aka fara aiki da injin daɓe ƙasa, ina tsaye a ɗakinta na ga ruwan yana karkarwa a cikin kofin, cokalin da ke gefe yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya faɗi ƙasa. Tsohuwa ce mai fama da hawan jini, wadda likita ya ce ta riƙa samun isasshen barci. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta tambaye ni ko sun faɗi ranar da za su gama, ni kuwa ban da amsar da zan ba ta, domin ko allo babu a bakin aikin, balle a san sunan ɗan kwangila ko irin ginin da ake yi.

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙara a matsayin abin haƙuri kawai, shi ya sa nake so in kawo abin da masana lafiya suka tabbatar. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki tana kai kimanin desibel 60, injin fasa kankare kuwa yakan kai 100 ko fiye ga wanda ke kusa da shi. Ma'aunin ba ya tafiya kamar na awo ko na tsawo: ƙarin desibel 10 kacal kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar sau biyu, don haka tazarar da ke tsakanin 60 da 100 ta fi abin da lambobin suke nunawa nesa ba kusa ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999, ta ce domin mutum ya yi barci mai kyau bai kamata ƙarar da ke ci gaba a ɗakin kwana ta wuce desibel 30 ba, ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kuma kada ta haura 45, sannan a ajin makaranta kada ta wuce 35 lokacin karatu. Na sa manhajar auna sauti a wayata, ko da yake na san ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma a daren da ake aiki ban taɓa ganin lambar ta sauko ko kusa da waɗannan ba. Ita dai hukumar ta danganta daɗewa cikin ƙarar dare da rashin barci da hawan jini da cututtukan zuciya. Leburorin da ke wurin ma abin tausayi ne, domin wanda yake wuni cikin ƙarar da ta haura desibel 85 kullum ba tare da abin toshe kunne ba, jinsa yana raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da haƙuri ya ƙare, mu uku muka tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Sashen ayyuka ya ce maganar ƙara ta masu lafiyar muhalli ce. Masu lafiyar muhalli suka karɓe mu da mutunci, suka ce ba su da na'urar awo, kuma ba sa fita aiki da dare. Masu tsara gari suka ce su izini suke bayarwa, kuma mai ginin yana da izininsa cikakke. A wannan ofishin na ƙarshe ne wani ma'aikaci ya buɗe fayil ya nuna mana abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi: tun kafin a ture katangar, an riga an sauya fulotin daga na gidan zama zuwa na kasuwanci, kuma abin da ake ginawa ɗakin taro ne da rumbun ajiyar kaya a ƙasansa.

A nan ne, Malam Edita, na gane cewa mun daɗe muna kukan abin da bai fi muhimmanci ba. Ƙarar gini komai tsananinta tana da ranar ƙarewa, wata rana za a kwashe injin kwaɓa siminti a tafi. Amma sa hannun da aka yi a kan wancan fayil ya yanke mana hukunci na shekaru masu yawa: lasifika a daren taro, manyan motoci suna sauke kaya a layin da mota biyu ba sa iya wucewa tare, janareta mai girma a jikin katangar ɗakin kwana, da ruwan saman da zai rasa inda zai nutse ya gangaro ƙofofinmu saboda an shafe fulotin da kankare daga bango zuwa bango. An yanke duk wannan a kan teburi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda ya tambayi masu ɗakin.

Rarraba gari zuwa yankin zama da na kasuwanci da na masana'antu ba ƙa'idar da aka ƙirƙira don wahalar da masu kuɗi ba ce, daga irin wannan kukan na maƙwabta ta samo asali. A birnin New York na Amurka, wani dogon bene mai suna Equitable da aka kammala a 1915, mai hawa kusan 40, ya tare wa gine-ginen da ke kewaye da shi rana da iska, kuma yana cikin dalilan da suka sa birnin ya kafa cikakkiyar dokar rarraba yankuna a 1916. Bayan shekara goma, a 1926, kotun ƙolin ƙasar ta saurari shari'ar da ke tsakanin garin Euclid na jihar Ohio da wani kamfanin filaye mai suna Ambler, wanda yake cewa hana shi amfani da filinsa yadda ya ga dama ya karya darajar dukiyarsa. Kotun ta goyi bayan garin, bisa hujjar cewa abu yana iya zama mai kyau a kan kansa amma ya zama cuta idan aka sa shi a wurin da ba nasa ba. Ɗakin taro abu ne mai amfani, ni ma nakan je taro, sai dai mazauninsa ba jikin tagar tsohuwa mara lafiya ba ne.

Ba ina cewa a mayar da unguwa kufai ba, inda mutum sai ya hau mota kafin ya sayi sabulu. Ƙaramin kanti da ɗakin shan magani da makarantar yara su ne ke raya unguwa. Kuma na san cewa a wasu wurare an yi amfani da wannan doka wajen korar talaka daga unguwanni masu kyau, ta hanyar ƙa'idojin da mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya cikawa ba. Haka nan dole in yi wa magina adalci. Wani injiniya ya bayyana mini cewa idan aka fara zubin dakin, wato rufin kankare na bene, ba a son a tsaya a tsakiya, domin idan kankaren farko ya fara daskarewa kafin a zuba na biyu, mahaɗarsu takan zama wuri mai rauni, kuma a lokacin zafi an fi son zubi da sanyin dare don kada ya bushe da wuri ya tsage. Na yarda da wannan. Amma zubin dakin kwana ɗaya ne ko biyu a kowane hawa, kuma an san ranarsa tun da wuri. Da an buga mana ƙofa an ce ranar kaza za mu kwana muna aiki, da na kai mahaifiyata gidan ƙanwata ta kwana. Yankan rodi da juye tsakuwa kuwa ba su da wani uzuri da ya ɗaure su da dare, sai dai son direba ya kauce wa cunkoso da son ɗan kwangila ya rage kwanaki.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne da sai an ƙirƙiro. A Ingila, dokar hana gurɓata muhalli ta 1974 ta ba ƙananan hukumomi ikon gindaya wa mai gini lokutan aiki da irin injinan da zai yi amfani da su, kuma da yawansu sun tsayar da aiki mai ƙara daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma a ranakun aiki, zuwa ƙarfe 1 na rana ranar Asabar, ban da Lahadi. A New York ma lokacin da aka saba daga ƙarfe 7 na safe ne zuwa 6 na yamma, wanda yake son wuce haka sai ya nemi izini na musamman. Kowace ƙaramar hukuma tana iya zaɓar sa'o'i da ranar hutun da suka dace da jama'arta. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta sa'o'in a jikin takardar izinin ginin kanta, ta yadda saɓa musu zai zama saɓa wa izinin, kuma ofishin da ya karɓi kuɗin izini ya zama shi ne zai amsa waya idan an kira. A tilasta kafa allo a bakin kowane aiki mai ɗauke da lambar izini da irin ginin da lambar wayar mai kula da wurin. Sauran abubuwan masu sauƙi ne: a kewaye wurin da shinge mai kauri, a ajiye janareta a ɓangaren da ya fi nisa da gidaje, tunda a fili duk lokacin da aka ninka tazara ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6.

Wanda ya fi duka, kada a ƙara sauya amfanin fuloti a cikin gidajen zama sai an liƙa sanarwa a jikin fulotin, an aika wa gidajen da ke maƙwabtaka da shi takarda, an ba su makonni su kawo ƙorafi a rubuce, kuma an karanta ƙorafin a zaman da kowa zai iya halarta. Mai fili yana iya yin nasara bayan an saurare mu, wannan ba zai dame ni ba, domin aƙalla za a sa masa sharaɗin wurin ajiye motoci da magudanar ruwa da lokacin kashe lasifika. Kansilolinmu sun san ƙofofinmu sarai, sun buga su ɗaya bayan ɗaya lokacin neman ƙuri'a, saboda haka kai takarda gida goma ba zai gagare su ba.

Ginin da ke jikin gidana ya riga ya kai hawa na biyu, kuma ba na tsammanin za a sauke shi. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon jiya mun ga mutane da igiyar awo suna zagaya gidan da ke ɗaya gefen layin, wanda magada suka sa a kasuwa. Mun rubuta wa ƙaramar hukuma takarda da sa hannun masu gidajen layin, muna tambaya ko an shigar da buƙatar sauya wannan fulotin ma, an buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu, kuma har zuwa lokacin da nake rubuta maka wannan wasiƙa muna jiran amsa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu