Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba don faifan ajiyarta ya mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu gyaran kwamfuta da masu tsofaffin injina, musamman waɗanda har yanzu kwamfutar zamanin DOS (tsohuwar manhajar sarrafa kwamfuta kafin Windows) ce ke tafiyar musu da injin ɗab'i ko wata na'urar gwaji. Sau da yawa ana miƙa wa 'yan jari bola irin waɗannan kwamfutoci alhali babu abin da ya same su illa faifan ajiyarsu da ya gaji, wanda idan an kunna sai a ji yana ƙas-ƙas, ko ya ƙi juyawa saboda kan da ke karanta bayanai ya manne a jikinsa. Sabon faifai irin na da kuwa an daina ƙera shi, na hannu kuma shi ma kwanansa ya kusa ƙarewa.

Mafita tana cikin katin memori mai suna CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994, masu ɗaukar hoto kuma suka daɗe suna sa shi a kyamara. An ƙera katin ne ta yadda zai iya aiki da tsarin IDE, wato hanyar da ake jona tsofaffin faifai da kwamfuta, don haka adaftar da ake buƙata ba ta da wata dabara a ciki: tana haɗa ramuka 50 na katin ne da haƙora 40 na kwamfutar tebur, ko 44 na ta tafi-da-gidanka. Kwamfutar za ta ɗauke shi a matsayin faifai, babu ƙara, babu zafi. Kwamfutocin Amiga 600 da 1200 na 1992 suna karɓarsa kai tsaye ta wannan hanya, IBM XT ta 1983 kuwa, wadda ta zo da faifai mai megabait 10 kacal, sai an ƙara mata allon XT-IDE, wanda ke ba ta majonar IDE. Tsofaffin kwamfutocin Macintosh masu SCSI, wani tsarin jona faifai da ba IDE ba, hanyarsu daban ce, sai da na'ura irin BlueSCSI da katin SD.

Inda nake ganin ana yawan tuntuɓe shi ne kwaɗayin babban kati. BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta, na yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 1994 ba ya ganin fiye da megabait 528, DOS 6.22 kuma ba ta riƙe sashen faifai guda da ya wuce gigabait 2. Wanda ya sayo mai gigabait 64 ya yi asarar kuɗinsa, wataƙila ma kwamfutar ta ƙi tashi. Ƙaramin kati ya fi, kuma a yi masa sashe da FDISK, manhajar DOS ta raba faifai, a cikin ita kwamfutar da zai zauna, domin idan aka yanka shi a sabuwa lissafin silinda, wato yadda kwamfuta ke ƙirga gurabun faifai, kan saɓa.

Akwai kuma batun ƙarko. Kowane gurbi na memori yana da iyakar yawan rubutun da zai jure. DOS ba ta cika rubutu ba, amma Windows 95 da 98 ba sa hutawa da rubutu a fayil ɗin da suke rage wa RAM (memorin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) nauyi da shi. A nan katin da aka yi domin masana'antu ya fi na kyamara nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana nuna kansa a matsayin kafaffen faifai, wanda Windows XP ke buƙata. Jabun kati ma ya cika kasuwa, a gwada kafin a dogara da shi.

Roƙona ga masu gyara shi ne, duk faifan da har yanzu yake juyawa a kwafe shi gaba ɗaya tun yau, domin manhajar da ke tuƙa tsohon inji ba lallai ne a sake samunta ba idan kamfanin da ya rubuta ta ya rufe.

Naku mai karatu,
daga Kaduna.