Sanarwa: shirin tare wutar daji

Ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Zafi yana ƙaruwa, ciyawa tana bushewa da wuri, don haka kada mu jira tsakiyar rani.

A share hanyar tare wuta mai faɗin aƙalla mita 6, har sai ƙasa ta fito fili. Ciyawar da aka sare a kwashe ta nesa. In aka tara ta a gefe, ita za ta tsallakar da wutar. A kan tudu a ƙara faɗi, domin gudun wuta yakan ninka a duk ƙarin digiri 10 na karkatar tudun, in wutar tana hawa. A sassabe ƙananan rassa har tsayin mita 2, kada wuta ta haye kan bishiya.

Ƙunar rigakafi, wato ƙone busasshiyar ciyawa da gangan kafin wutar daji ta zo, sai da yamma, iska a kwance. Washegari a duba kututture, yakan ɓoye garwashi kwanaki.