Dukiyar Elon Musk da tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan yadda ake ambaton attajirin nan Elon Musk a kafafen labaranmu na Hausa da kuma a bakin matasanmu, inda ake ɗaukarsa injiniyan da babu kamarsa, har ta kai duk abin da ya furta, ko a kan likitanci ko a kan tattalin arziki, ya zama yankan wuƙa. A nan Jos na sha ganin masu gyaran waya a kewayen Taminus suna musu, sai wani ya ɗago wayarsa ya nuna abin da Musk ya wallafa a shafinsa na X, shi ke nan a yi tsit, wai mutumin da ya tara irin wannan dukiya ba zai faɗi abin da bai sani ba. A ganina akwai gyara a wannan tunani.

Ba zan tauye masa haƙƙinsa ba. Ya karanta fiziks da tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania, ya kafa kamfanin SpaceX a 2002, kuma a Disamban 2015 kamfanin ya dawo da gangar rokarsa ta Falcon 9 ta sauka a tsaye bayan ta kai kaya sararin samaniya, abin da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba. Intanet ɗinsa na tauraron ɗan'adam, Starlink, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka, kuma wanda ya zauna inda sabis ke wahala ya san amfaninsa. Sai dai ya kamata a san masu hannu a aikin. Tom Mueller ne ya jagoranci ƙera injin Merlin da ke ɗaga rokar, Gwynne Shotwell, wadda ita ma injiniya ce, ita ke tafiyar da kamfanin yau da kullum. Kamfanin motoci na Tesla kuwa Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa shi a 2003, Musk ya shigo da jarinsa a 2004. Baiwarsa ta fi ƙarfi wajen tara jari, da zaƙulo gwanaye, da jure asarar da wani ba zai jure ba. Alhajin da ke da tireloli ashirin yakan san mota sosai, amma ranar da famfon mai ya lalace a hanyar Lafiya, bakanike yake kira, kuma idan mai hankali ne yakan saurari abin da bakaniken ya ce.

To a nan gizo ke saƙar, domin Musk ya sha nuna cewa idan ya fita daga fagensa ba ya jure gyaran waɗanda suka fi shi sani. A tsakiyar 2018 ruwa ya rutsa da yara 'yan ƙwallo 12 da mai horar da su a kogon Tham Luang da ke arewacin Tailan. Musk ya sa injiniyoyinsa suka ƙera wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai kama da bututu, ya kai shi wurin da kansa. Shugaban aikin ceton ya ce na'urar ba ta dace da aikin ba. Wani Baturen Ingila mai suna Vernon Unsworth, wanda ya yi shekaru yana shiga wannan kogo har ya san lungu da saƙonsa, ya ce ba za ta iya ratsa kwanonin ciki ba. Maimakon ya kawo hujja, sai Musk ya jefe shi da mummunan zagi mai nuni da lalata da yara, ba tare da wata shaida ba. Daga baya ya nemi afuwa, kuma kotu a Los Angeles ta wanke shi daga tuhumar ɓata suna a Disamban 2019, amma wannan bai sauya yadda aka ceto yaran ba: masu ninƙaya ne suka fito da su ɗaya bayan ɗaya, bayan wani likita ɗan Ostareliya, Richard Harris, ya yi musu allurar barci domin kada su firgita a cikin ruwa. Wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya rasa ransa a wannan aiki. Bututun attajiri kuwa ko amfani da shi ba a yi ba.

Da annobar korona ta zo, a watan Maris na 2020 ya rubuta cewa firgicin da ake yi wauta ce, sannan ya yi hasashen cewa kafin ƙarshen Afrilu sababbin masu kamuwa a Amurka za su kusan ƙarewa. Kafin watan Afrilun ya fita, waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar sun haura miliyan 1, kuma a 2022 waɗanda cutar ta kashe a can suka haura miliyan 1.

Ko a harkar da ya fi kusa da ita, alkawuransa sukan riga aikin injiniyoyinsa nisa. A 2016 ya ce kafin ƙarshen 2017 motar Tesla za ta tuƙa kanta daga Los Angeles zuwa New York ba tare da an taɓa sitiyari ba, a 2019 kuma ya ce a 2020 za a sami tasi miliyan 1 marasa direba a kan titi, kuma duka wa'adin biyu sun wuce ba a gani ba. Da ya sayi Twitter, wanda daga baya ya koma X, a Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, cikin mako guda ya sallami kusan rabin ma'aikata 7,500, har da akasarin na ofishin Accra, wanda shi kaɗai ne ofishin kamfanin a Afirka. Wani injiniya da ya gyara masa magana a bainar jama'a kan dalilin nauyin manhajar a wayoyin Android, kora ya samu. Haka kuma ya buɗe sayar da shuɗiyar alamar tantancewa a kan dala 8 ga duk mai so, nan take wani ya buɗe shafin bogi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya sanar cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta, dole aka dakatar da tsarin cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa aikin tsaron irin wannan dandali zai iya hango haka tun kafin a fara.

Wani zai ce ai masanan ma suna kuskure, kuma mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, ba a ayyana Afirka ta rabu da ita ba sai a Agustan 2020. Mun ɗanɗana ɗacin sakin masana ba mai sa musu ido, mun kuma ɗanɗana ɗacin juya musu baya gaba ɗaya. A duka biyun, abin da ya kawo gyara shi ne bincike, da kotu, da wasu likitocin da suka zauna da malamai da sarakuna suka baje hujja. Babu inda yawan kuɗin wani ya warware mana matsalar.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon ku da ku daina kiransa wanda ya ƙirƙiro Tesla, tunda ba haka tarihin yake ba. Idan ya yi magana a kan cuta ko rigakafi, kafin ku buga ku tuntuɓi likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko masu bincike a cibiyar lafiyar dabbobi da ke Vom idan maganar ta shafe su. Idan kuma batun Starlink ne, ku ji ta bakin injiniyoyin sadarwa da Hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa, wadda a Oktoban 2024 ta fito ta ce ba da amincewarta kamfanin ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 ba. Haka nan duk alkawarin da ya ɗauka mai wa'adi, ku rubuta ranar ku ajiye, idan lokacin ya cika ku dawo ku gaya wa masu karatu ko an cika ko ba a cika ba.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Unguwar Rogo, Jos.