Don Allah ka je a leƙa maka cikin idon nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Wasiƙarka ta same ni, kuma magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai: wai likita ya ce a duba maka ido saboda ciwon suga, ka ƙi zuwa tunda garau kake gani.

Ni an duba mini a watan jiya. Aka ɗiga mini magani har baƙin idona ya buɗe, aka ɗauki hoton can ƙuryar ƙwayar idon. Da aka nuna mini a kwamfuta sai da na yi tsit. Fili ne mai ruwan goro, jijiyoyin jini sun bazu a kansa kamar saiwoyin bishiya, duk sun ɓullo daga wata 'yar da'ira mai haske. Ta nan jijiyar gani take fita zuwa ƙwaƙwalwa, ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan 1. Ikon Allah, wannan gurbin kansa ba ya gani sam, ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin har ba ma lura.

Tantanin da ke shimfiɗe a bangon shi ne retina. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, amma yana ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske kimanin miliyan 100. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri mai duhu-duhu, makula, faɗinsa kamar milimita 5. Da shi kake karanta wasiƙar nan, da shi kake gane fuskar 'ya'yanka.

To, ga inda hankalina bai kwanta ba. Suga yakan raunana ƙananan jijiyoyin jinin wurin, su kumbura, su riƙa yoyo. Sau da yawa, idan ɓarnar ba ta taɓa makula ba, ba zafi ba hazo, mutum yana gani tas alhali abu na ci a ciki. Tun 1851 da Bajamushen nan Helmholtz ya ƙera na'urar leƙa ido, likita ke iya kallon waɗannan jijiyoyi ƙuru-ƙuru ba tare da an tsaga ba. Idan aka gano da wuri, akwai abin yi.

Ranar da za ka je, kada ka tuƙa da kanka. Maganin zai sa ka ga dishi-dishi na 'yan sa'o'i, haske kuma ya riƙa kashe maka ido. Ka rubuto mini abin da suka gani.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Amininka